"Ba Su Gasa Ni Ba": Sharhi Kan Gashin Ƙashi

Ranar farko da na raka kawuna sashen gashin ƙashi, da fushi ya fito. Wata uku kafin nan babur ya kwashe shi a bakin kasuwa, ƙaurinsa ya karye, aka sa masa filasta tun daga cinya har tafin ƙafa. Ƙashi ya haɗe, aka cire filasta, amma gwiwa ta ƙage kamar icce, cinyar kuma ta tsotse, in ka gwada ta da 'yar'uwarta sai ka ce ba jikin mutum ɗaya ba ne. Shi a ransa kwantar da shi za a yi, a kunna masa jar fitilar nan da ya ji labari, zafi ya ratsa ƙashi, ya tashi garau. Sai ya tarar da wata matashiyar likita, ta zaunar da shi a kan gado, ta naɗe tawul ta tura ƙarƙashin gwiwar, ta ce, "Baba, danne tawul ɗin nan da bayan gwiwarka, ka riƙe har in ƙirga biyar." Ya danne, cinya na karkarwa. Suka yi sau goma. Ta sa ya riƙa jawo diddige zuwa jikinsa a hankali har inda ya ji ta cije. Ta zana masa hotunan motsin a takarda, ta ce safe da rana da dare. Muna fitowa ƙofa ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, kuɗin mota kawai muka yi asara. Ba su gasa ni ba."

Na sha jin irin wannan magana, kuma ban taɓa ganin laifin masu yin ta ba. Sunan da muka laƙa wa fannin ne ya yi musu alkawari. Da ka ce gashi, Bahaushe ya san abin da kake nufi: tsumma da ruwan zafi a kan targaɗe, gashin mai jego, ɗumin garwashi ga tsoho da hunturu. A duk waɗannan maras lafiya kwanciya yake yi, wani ya yi masa aiki. Fannin ya shigo Najeriya ne a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, kuma wancan zamani ne na fitilu masu zafi da narkakken kaki da ake tsoma hannu a ciki da na'urorin lantarki iri-iri. Ina jin abin da ido ya fara gani ke nan, suna ya zauna. Shi kuwa ilimin bai tsaya nan ba. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa a 1966, yau Jami'ar Bayero da ta Maiduguri suna yaye likitocin fisiyo, wato likitocin gashin ƙashi, kuma abin da ake koya musu shi ne babban maganin da ke hannunsu motsi ne, wanda ake aunawa kamar yadda ake auna ƙwayar magani: wane iri, sau nawa, da wane nauyi, har zuwa yaushe. Wahalarsa ɗaya, ba mai iya haɗiye maka shi. Kai za ka yi da jikinka.

Gashi yana da amfaninsa, kada a ce na kushe shi. Zafi na buɗe hanyoyin jini na kusa da fata, yana sa ɗaurarriyar tsoka ta saki, yana kuma rage zogi. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa saƙon ciwo ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, akwai wata irin ƙofa a laka da saƙon taɓawa da na murzawa ke iya turawa ta rufe. Shi ya sa yaro ya buge goshi uwa ta murza masa ya yi shiru. Shi ya sa tausa ke da daɗi, kuma a kan wannan fahimta aka ƙera 'yar na'urar nan da ake liƙa wa fata tana tsikari da lantarki. Sai dai sauƙin na sa'o'i ne. Zafin fitila ba ya isa can cikin gaɓar kwankwaso, ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi ko na ƙwayar zarra, ba ya koya wa ƙafa tafiya. Inda yake da rana shi ne kafin atisaye, a ɗumama gaɓa don ta yarda a lanƙwasa ta. Kuma akwai waɗanda yake cutarwa. Sabon rauni mai kumburi ba ya son zafi a kwanakin farko. Mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ya mutu da ji, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, za a iya ƙona shi har fata ta saluɓe bai sani ba, kuma irin wannan ƙuna a ƙafar mai suga takan zama gyambon da ba ya warkewa.

Abin da ya fi wuyar karɓa ga mutanenmu shi ne cewa kwanciya kanta ciwo ce. Mu a wajenmu kulawa ita ce a ce wa maras lafiya "kwanta ka huta, kada ka motsa." A 1966 a birnin Dalas na Amurka aka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara ashirin, mako uku ba sa sauka daga gado. Da aka auna ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu, ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara talatin, a 1996, aka sake kiran mutanen nan aka auna su, sai aka ga shekaru talatin na tsufa ba su yi musu ɓarnar da mako ukun nan ya yi ba. Haka jiki yake. Tsokar da ba ta aiki zubewa take yi cikin kwanaki. Ƙashi yana ƙara tauri ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Guringuntsin da ke shimfiɗe a cikin gaɓa ba shi da hanyoyin jini, kamar soso yake, sai an matsa an saki yake shan ruwan gaɓa ya ci abinci. Gwiwar kawu ba karyewa ta yi ba, zaman wata uku a filasta ne ya ƙage ta.

Masu tarihin fannin kan tuna da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ostireliya, Elizabeth Kenny, a zamanin da shan inna ke kwasar yara a ƙasashen Turawa. Likitocin lokacin ɗaure gaɓoɓin yaran suke yi da katako da filasta wata da watanni. Ita kuwa sai ta riƙa naɗe tsokar da bargon ulu mai ɗumi, in ta saki sai ta motsa ta, ta koya wa yaro ya sake amfani da ita. Ta sha suka kafin ta isa Amurka a 1940 a fara saurarenta. Ina son labarinta domin ita ma gashi take yi, amma gashin share fage ne, motsi ne ke biyo baya.

Mu ɗauki ciwon baya, wanda ba gidan da babu mai shi: telan da ke duƙe a kan keke tun safe, direban Adaidaita Sahu, matar da ke surfe da wanki a sunkuye, ma'aikacin ofis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. Kusan tara cikin goma na masu shi ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a nuna a ce ga ta. Nan ne hoto ke rikita mutane. Mutum ya tara kuɗi ya yi hoton MRI, a rubuta masa cewa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya lalace ko ya turo, daga ranar ya daina sunkuyawa, ya ɗaura bel, ya ɗauki kansa nakasasshe. Alhali wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da bayansu ba ya ciwo ko kaɗan, ya samu alamar lalacewar faifan a kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara ashirin, da kashi 96 na 'yan shekara tamanin. Furfura ce ta cikin jiki. Tsoron da takardar ta dasa yakan fi abin da ke cikinta illa, domin mai tsoro ƙanƙame jikinsa yake yi, tsoka ta yi rauni, ciwo ya samu wurin zama.

A watan Disamba na 2023 hukumar ta fitar da jagora kan ciwon bayan da ya wuce wata uku. Abin da ta amince da shi: a fahimtar da mai ciwo halin da yake ciki, a ɗora shi kan tsararren atisaye, a haɗa da tausa ko gyaran gaɓa da hannu idan da buƙata, a kula da damuwa da fargabar da ke rura ciwon. Abin da ta ce kada a mayar da shi al'ada ya haɗa da bel, da jan baya da na'ura, da na'urar tsikarin lantarki, da wadda ke aika sautin da kunne ba ya ji cikin tsoka, da magunguna dangin tiramadol. Duba jerin da kyau, za ka ga akasarinsu abubuwan da ake yi wa mutum ne yana kwance, su ne kuma muka fi yarda da su. Ga kuma haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a kemis, wanda leburan da jikinsa ya yi tsami ke sha kullum dare. Masu kashe zogin da ke ciki, in aka daɗe a kansu, suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Amma akwai ciwon bayan da ba na atisaye ba ne, kuma dole in faɗe shi a fili. Idan ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, a ƙasarmu sai an binciki tarin fuka na ƙashin baya. Idan tsakanin cinyoyi ya mutu da ji, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, ko ƙafafu suna raunana kullum, wannan asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Haka matashi mai sikila da kwankwasonsa ya dame shi yana ɗingishi, a duba kan ƙashin cinyarsa. Likitan fisiyo na gari kafin ya ce ka ɗaga ƙafa sai ya tambaye ka waɗannan.

Ciwon gwiwa na manya, wanda muke kira sanyin ƙashi, hukuncinsa kusan ɗaya ne. Guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa, amma tsokar gaban cinya ita ce mai tallafe gwiwa, in ta yi ƙarfi zogi na raguwa ƙwarai. Tashi daga kujera a koma sau goma ba tare da dafa hannu ba atisaye ne cikakke. Mai ƙiba in ya rage kilo ɗaya, ya sauke wa gwiwarsa kusan kilo huɗu a kowane taku. Ƙa'idar da na ji ana ba wa masu ciwo tana da sauƙin riƙewa: ɗan zogi lokacin motsi ba laifi, muddin ya lafa kafin washegari. In ya kwana ya ƙaru ko gaɓa ta kumbura, an zarce, a rage, kada a daina. Na lura kuma cewa likitan da ya san mutanensa ba ya tambayar tsohuwa awon lanƙwasar gwiwarta. Cewa yake, "Hajiya, kina iya sujada? Zaman tahiya fa? Masai na tsuguno kike shiga?" Wanda aka ce masa manufar ita ce ya koma salla a tsaye cikin sahu ya fi wanda aka ba takardar atisaye kawai naci.

Batun karaya kuwa ba zai yiwu a yi shi ba a tsallake masu ɗori. Suna kusa, suna da sauƙi, an gada, kuma ƙaramar karayar da ba ta goce ba takan haɗe a hannunsu domin jiki ne ke haɗa ƙashi. Inda ake asara shi ne ɗaurin da ya matse. Gaɓar da ta karye kumbura take yi, in aka jera karare aka tamke, jini ya tsaya, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya ƙare da yankakken hannu. Likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kuka da wannan. Duk ɗaurin da zoginsa ke ƙaruwa, yatsu suka kumbura ko suka daina ji, a kwance shi nan take a tafi asibiti. Asara ta biyu ba a cika maganarta ba: ko a asibiti aka yi ɗorin, ranar da aka ce ƙashi ya haɗe mutane kan ɗauka an gama. Rabin aiki ke nan. Akwai kuma kuskuren ƙarfi, wato a kama gwiwar hannun yaro da ta ƙage a miƙe da tsiya ana murza ta da man zafi. Wannan na iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gaɓar ta kulle gaba ɗaya. Yaro da kansa, da wasa da cin tuwo da ɗaukar kofi, ya fi saurin dawo da hannunsa.

Targaɗe ba ya buƙatar dogon bayani. Likitan wasanni Gabe Mirkin ne ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da bandeji da ɗaga ƙafa a 1978, shi ne kuma a 2014 ya dawo ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Abin da ake bi yanzu: a kare wurin kwana biyu ko uku, sannan a fara takawa gwargwadon hali, daga baya a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya don idon sawun ya daina turguɗewa.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne shanyewar ɓarin jiki, domin a nan ne ƙaunarmu take zame wa maras lafiya cikas. Hawan jini ya kayar da uba, an sallamo shi, sai 'ya'ya su kewaye shi. Wannan ya ba shi abinci a baki, wancan ya sa masa riga, ba a barinsa ya ɗaga ko cokali, domin a ganinmu abin kunya ne a ce mahaifinka na fama da maɓalli kana tsaye kana kallo. Ana shafa mai, ana turare, ana jiran hannu ya farka da kansa. Alhali hannun lafiyarsa lau, a ƙwaƙwalwa ɓarnar take, kuma ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi ta kewaye inda ya mutu, amma da maimaici kaɗai take yin haka, ɗaruruwan maimaici na aikin gaske: miƙa hannu ga kofi, juyawa a kan gado, tashi daga zaune. Mafi yawan abin da zai dawo a wata uku zuwa shida na farko yake dawowa. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe, mu kuwa watannin nan ne muke cinyewa wajen yawon neman magani, sai hannu ya naɗe a ƙirji, yatsu sun dunƙule, sannan a tuna da sashen gashi. Ko a lokacin ana samun ci gaba, amma da wahala ninki.

Wannan ba ya nufin a finciko mutum daga gado ranar da ya faɗi. Wani babban gwaji da aka buga a 2015, mai mutum fiye da dubu biyu, ya nuna cewa tsananta tayar da su cikin sa'o'i ashirin da huɗu na farko bai haifar da alheri ba. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, bayan likita ya ce jiki ya daidaita. Abubuwan da mai jinya zai koya a zama ɗaya suna da yawa, kuma suna ceton rai. A riƙa juya shi kamar duk sa'a biyu don gudun gyambon kwanciya. A tallafe shanyayyen hannu da matashi. Kada a taɓa jawo shi ta wannan hannun in za a tayar da shi, domin tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, ja ɗaya na iya bar masa zogin shekaru. In yana ƙwarewa da ruwa a faɗa wa likita, kada a ɗura. A riƙa zama ta ɓangaren da ya shanye ana yi masa hira don ya riƙa waiwayo can. Akwai dabarar ɗaure lafiyayyen hannu na wasu sa'o'i ga wanda yatsunsa suka fara motsi, don a tilasta wa raunanan aiki, akwai ta madubi, inda yake kallon lafiyayyen hannu na motsi ƙwaƙwalwa ta ɗauka ɗayan ne. Duk ba su buƙatar lantarki. Abin da suke buƙata ɗa ne mai iya danne tausayinsa ya ce, "Baba, gwada da kanka, ina nan kusa."

Yara ma haka ne. Jaririn da aka sha wuyar haihuwarsa ya fito hannu ɗaya a sake, wanda shawara ta taɓa ƙwaƙwalwarsa ya wuce lokacin zama bai zauna ba, wanda aka yi wa allura a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba ƙafa ta riƙa ja, dukansu da wuri ake kai su, kuma uwa ce ke zama likitar yau da kullum bayan an nuna mata. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, kafaɗunsu na gajiya da sanda da keke, su ma suna da haƙƙi a wannan sashe.

Na san abin da mai karatu a ƙauye zai ce, kuma gaskiyarsa ne. Likitocin fisiyo kaɗan ne, suna tattare a manyan asibitocin birane, da wuya ka samu ɗaya a asibitin karkara. Ɗauko mai shanyewar jiki a mota sau biyu a mako kuɗi ne da ba kowa ke da su ba. Mace da dama ba za ta yarda namiji ya riƙe mata cinya ba, likitoci mata kuma ba su wadata ba. A duniya ma an ƙiyasta mutum biliyan 2.4, ɗaya cikin uku, na da lalurar da irin wannan kulawa za ta amfana. A ganina wannan ƙarancin shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a ɓata zuwa ɗaya da aka samu a ƙarƙashin fitila ba. Wanda ya yi tafiyar sa'a uku ya cancanci ya koma gida da abin yi a hannunsa. Ya tambaya: me ke damuna, wane motsi zan yi, sau nawa, me zan gani in san ina ci gaba, me zan gani in dawo da gaggawa. Ya zo da wanda zai riƙa taya shi, a ɗauki motsin a waya in da hali. Likitan da ya bar mutum wata uku yana zuwa ana kunna masa na'ura ba a taɓa auna ci gabansa ba, bai yi masa adalci ba.

Kawu bai so komawa ba, matarsa ce ta ɗauki takardar ta liƙa a bango kusa da inda yake alwala. A zuwa na uku likitar ta ɗora masa ɗumi a gwiwa minti goma sha biyar kafin su fara, ya dube ni yana murmushi. Daga tawul aka koma ɗaga ƙafa da jakar yashi ɗaure a idon sawu, daga nan hawa dakalin ƙofar gida da sauka. Wata biyu yana salla a kan farar kujerar roba a gefen sahu. Wata Juma'a bayan an idar na waiwaya ban ga kujerar ba, sai na hango shi a tsakiyar sahu na uku, zaune a ƙasa, ƙafar a ɗan miƙe gefe domin har yau ba ta gama naɗuwa ba, yana jan carbi.